Ladanin da Ya Yi Shiru

Da aka gama tura ƙasa a kan ɗan ƙaramin kabarin, liman ya ce a yi fatiha. Mutanen Zakka suka ɗaga hannuwa gaba ɗaya, ban da uban yaron. Barau na tsaye a gefe, ƙafafunsa duk jar ƙasa, hannuwansa a sake kamar na wanda ya sauke kaya mai nauyi. Limamin, Malam Abdurrahim, wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya gani, ya kau da kai, ya shafa.

Wannan ne ɗa na uku da agana ta ɗauke wa Barau a bazarar nan. Lawal ne ya fara tafiya, Maijidda ta bi shi, sai kuma autan, Ya'u, wanda ko yaye shi ba a yi ba.

Barau shi ne ladanin garin tun yana saurayi. Da muryarsa matan rugagen bayan ƙorama suke tashi tatsar nono, har Maguzawan da ke zaune a gindin dutse da ita suke sanin gari ya kusa wayewa. Washegarin jana'izar zakaru suka yi cara har suka gaji, ba a ji kira ba. Mutane da yawa sai rana ce ta tashe su. Aka ce baƙin ciki ne, a ba shi kwana biyu. Wani ɗalibin Malam ya riƙa kiran kafin ya dawo.

Bai dawo ba. Kwana biyun ya zama wata da watanni.

Wata rana da azahar matarsa Sauda ta same shi a inuwar rumbu yana gyaran ƙotar hauya. Ta ajiye buta kusa da shi.

"Maigida, an yi kira."

"Na ji."

Ta tsaya. Ya ɗago ya dube ta, ya ce ta zauna.

"Ranar da ciwon ya kama babban, a kan buzu na kwana. Da ya kama yarinyar na yi azumi, na yanka tunkiyar nan na raba wa mabukata. Duk a idonki aka yi. Da ya zo kan ƙaramin, ban ma roƙi a bar mini shi ba, cewa na yi a sassauta masa. Kin ji irin kukan da ya yi har ya cika." Ya juya ƙotar a hannunsa. "Ba fushi nake yi ba, Sauda. Da fushi ne da sauƙi, don mai fushi ya san da wanda yake yi. Ni dai na duba inda na saba dubawa, ban ga kowa ba."

"A'uzubillahi," in ji ta. "Ni ma 'ya'yana ne. Ni na ɗauki cikinsu."

"Na sani."

"To ni sai na kai goshina ƙasa nake samun numfashi."

"Ki riƙe sallarki da kyau. Ba ni ne zan raba ki da ita ba."

Ba ta gaya wa kowa ba, amma gari yana da ido. Barau bai zagi kowa ba, bai yi wa addini ba'a ba. Yana zuwa gayya, yana ɗaukar gawa, kuma da aka tashi yaɓen masallaci kafin ruwa ya sauka, shi ya fi kowa cuɗa laka. Sai dai in an tsayar da salla ya wanke hannu ya koma gindin kuka ya zauna har a sallame. Wannan zaman ya fi zagi ci wa mutane rai.

A bakin rijiya aka fara kiransa arne. A wancan zamani, da Katsina ke ƙarƙashin tutar Sakkwato, mutanen Zakka kalma ɗaya suke da ita ga duk wanda ba ya cikin sahunsu. Maguzawan gindin dutse masu yanka wa iskoki, arna. Mahayan Maraɗi masu fitowa daga dajin Rugu su kwashi mutane, arna. Maude ma arne, ko da yake a garin aka yanka masa ragon suna.

Mauden nan mai yawon kasuwanni ne, bai taɓa damuwa da salla ba tun tasowarsa, kuma kowa ya san shanun sata ba sa yi masa wuyar sayarwa. Ran kasuwar Batsari ya hango Barau a layin masu gishiri, ya kutso ya kama masa hannun riga.

"Ladan! Ashe ka farka? Barka da shigowa cikinmu."

"Cikin su wa?"

"Mu da muka gane babu komai bayan ramin nan. Ka ci naka, ka sha naka, in wani ya yi sake ka haɗa da nasa. Wa zai tambaye ka?"

"Ni zan tambayi kaina. Sakar mini riga."

Maude ya ƙyalƙyale da dariya, ya dafa masa kafaɗa kamar tsohon aboki, sannan ya wuce. 'Yan Zakka da suka zo cin kasuwa ba su ji abin da aka ce ba. Dafa kafaɗar suka gani, ita suka kai gida.

Da kaka, an gama yankan gero ana cikin ɗauri, mahayan Maraɗi suka faɗo wa garin da hantsi. Ba su biyo hanyar da ake tsaro ba. Ta kwazazzabon bayan gari suka ɓullo, wanda sai ɗan gari ya san yana fita daji. Suka kore shanu, suka kama mata da yara a bakin rijiya, suka cinna wa rumbuna wuta. Barau ya yini yana janye damman gero daga cikin wuta har fatar hannunsa ta saɓule. Maude kuwa tun daga ranar ba a ƙara ganinsa ba.

Washegari aka taru a ƙofar mai gari. Hashimu, wanda aka tafi da matarsa da 'yarsa, shi ya miƙe. Idanunsa sun kumbura don kuka.

"Wa ya nuna musu kwazazzabo?"

"Maude!" in ji jama'a.

"Maude da wa? Wa aka gani da shi a Batsari suna dariya? Na Maraɗi, na gindin dutse, da wanda muke kwana da shi a cikin gari, duk bakinsu ɗaya. Wanda ba ya tsoron Allah me zai hana shi sayar da mu?"

Malam Abdurrahim ya ɗaga hannu. "Jama'a, a yi hankali. Wata mata da ta kuɓuto daga hannunsu ta ce ta ga mahayan nan sun sauka sun yi la'asar a sahu kafin su shiga daji. Maguzawa kuwa su ma an tafi da 'ya'yansu jiya."

"Malam, ƙanenka kake karewa," in ji Hashimu.

Mai gari ya ce abin ba shi da wuya. Barau ya fito ya yi kalmar shahada a gaban kowa, a wuce wurin. Aka turo shi tsakiya, hannunsa naɗe da tsumma. Malam ya matso kusa da shi har rawaninsa na taɓa kunnensa.

"Barau, kalma ce da ka fi kowa faɗa a garin nan. Faɗe ta mu tashi."

"Yaya, bakina ya iya ta. Amma in na faɗa yanzu, tsoron sandunan nan ne ya faɗa, kai ma ka sani." Ya juya ga jama'a. "Ban nuna wa kowa hanya ba. Ban san abin da Maude ya ƙulla ba."

"Rantse!" wani ya ce daga baya.

"Da me zai rantse?" in ji Hashimu.

Barau ya juya ya dubi wansa.

Malam Abdurrahim ya san abin da zai faru in maganar ta kai gaban alƙali a birni. Ya ɗaga murya ya ce mutumin nan mutuwar 'ya'ya ta taɓa masa hankali, kuma shari'a ba ta hawa kan wanda hankalinsa ya gushe.

"Yaya, hankalina…"

"Yi mini shiru!"

Tun suna yara bai taɓa daka masa tsawa ba sai ranar. Aka yanke cewa Barau ya bar gari kafin rana ta faɗi, kuma babu sauran aure tsakaninsa da Sauda. Samari ba su huce da wannan ba. Suka ɗauki sanduna da wuta suka nufi gindin dutse, suka ƙone abin da mahayan Maraɗi suka rage wa Maguzawa.

Sauda ta zuba masa gero a taiki, ta sa ɗan gishiri da man kaɗe saboda ƙunar. 'Yan'uwanta maza na tsaye a zaure suna jiran su kai ta gidan ubanta.

"Ina za ka?"

"Sun ce ni na gindin dutse ne. Bari in je in gani."

Shugaban Maguzawan wani tsoho ne, Sarkin Noma Jinjiri. Barau ya same shi zaune a kan turmi, toka na tashi daga inda rumbunansa suke a da. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Na san muryarka, ban san fuskarka ba. Mutanenka sun ƙone mini hatsi, yanzu kuma sun aiko mini da kai. Jikata tana hannun na Maraɗi, amma an ce mu muka kira su." Ya tofar da yawu gefe. "Baƙo dai ba a korarsa da yamma. Ga bukka can."

Barau ya yi rani a wurinsu. Da hannunsa ya warke ya sake gina musu rumbunan, ya yaɓe su sumul. Matan gidan suka saba da shi, suna aiko masa da tuwo. In an zauna shan giya ya ce ya gode, cikinsa bai saba ba, su yi ta yi masa dariya.

Da bazara ta yi, aka kawo baƙin bunsuru gindin tsohuwar tsamiya don a yanka wa iskar da suke kira Uwar Gona. Al'adarsu ce kowane namiji mai kwana a gidan ya ɗora hannu a kan bunsurun kafin wuƙa ta hau. Aka aika a kira Barau. Ya ce a ba su haƙuri, ba zai zo ba.

Ruwa ya sauka a Zakka, ya sauka a garin Babban Duhu da ke kusa. Hadari ya riƙa haɗuwa a kan dutsen yana watsewa. Wata safiya Jinjiri ya zo bukkar da kansa, ya zauna a bakin ƙofa.

"Me ya hana ka taɓa bunsuru?"

"Baba, ban ga kowa a cikin tsamiyar nan ba. In na ɗora hannu na yaudare ku."

"A masallaci ba kowa, a tsamiya ba kowa. To a ina yake?"

"Ban sani ba."

Tsohon ya girgiza kai. "Mu mun san Allah. Yana sama, ya yi nisa, shi ya sa muke bi ta wurin na kusa. Yayanka limami ya ce mun ɓata hanya, mu kuma mun ce tamu ta gaji kakanni. Amma ni da shi duk mun san akwai mai gida. Kai ne ban san inda zan ajiye ka ba. Mutanenka sun ce kai namu ne, ba su tambaye mu ba. Matasa na cewa zamanka ne ya hana ruwa. Ni ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne. Amma irin da ya rage mana ɗan kaɗan ne. Ka yi mana aiki, ban manta ba."

"Na gane, Baba. Yau zan tashi."

Tsakanin garin da dutsen akwai wani faƙo da ba wanda yake nomawa, ko ciyawa ba ta cika fitowa a kai ba. A nan Barau ya kafa bukka da kara da 'yan rassan geza. Ya riƙa saƙa igiya da asabari yana ajiyewa a bakin hanya. Fulani masu wucewa su ɗauka su bar masa nono ko ɗan hatsi.

Sauda ta ji labari a wurin wata mai tallar nono. Daga nan ta zama mai yawan zuwa itace. Takan ɓoye 'yar ƙwaryar fura a cikin zane, ta zaga ta bayan gonaki. Ba ta shiga bukkar. Daga waje take tsugunawa, shi yana ciki, su yi magana kamar maƙwabta.

Ana tsakiyar damina Maude ya dawo Zakka da rawani da carbi. Ya ce shi ma kama shi aka yi, wuya ta sa ya tuba, Allah ya kuɓutar da shi. Wasu suka yi gunaguni, amma mutum ne da ya yi shahada a bainar jama'a, yana kuma rigan kowa zuwa sahun gaba. Ba a daɗe ba aka daina maganar. Har Hashimu yana amsa gaisuwarsa, yana tambayarsa ko ya ga iyalinsa a can.

Sauda ta kai wa Barau labarin tana kuka.

"Ka gani? Shi da kowa ya san halinsa. Kai da ka buɗe baki kawai, da yanzu kana ɗakinka."

Ya yi tari mai tsawo kafin ya amsa. Bukkar na yoyo, sanyin ƙasa ya riga ya shige shi.

"Shi abin bai yi masa nauyi ba, shi ya sa ya ɗauka da sauƙi. Ni na san girman kalmar nan, Sauda. Shekara nawa ina tashin gari da ita. Da zan iya, da na yi tun ranar, ko don ke."

"Ina roƙa maka kullum."

"Ki ci gaba. Ina jin daɗi in na tuna akwai mai ambatona."

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta yi sallama ba a amsa ba. Ranar ta shiga. Yana kwance a kan jiƙaƙƙen asabari, jikinsa zafi kamar garwashi. Ta ɗora kansa a cinyarta, ta jiƙa bakin zanenta tana goga masa a leɓe. Kafin rana ta take tsaka ya cika.

Da gudu ta isa gidan Malam Abdurrahim. Bayan an sallame azahar Malam ya juyo ya gaya wa jama'a, ya ce yana neman masu taya shi. Aka sunkuyar da kai. Wani ya ce arnansa su binne shi. Sauda ta juya ta nufi gindin dutse. Matasan can suka ce ɗan Musulmi ne, su ba su san yadda ake binne irinsa ba, kuma makwancin kakanninsu ba na baƙi ba ne.

Da ta komo faƙon ta tarar da Malam shi kaɗai, ya tuɓe babbar riga, yana sarar ƙasa da dagi. Ya ajiye farin saƙi a kan rufin bukkar. Ƙasar ta yi tauri, duk ruwan da aka yi bai ratsa ta ba, shi kuwa hannunsa ya fi sabawa da allo. Can sai ga Jinjiri yana tafe a hankali, hauya a kafaɗa. Suka dubi juna.

"Sannu, Malam."

"Sannu, Sarkin Noma."

"Ta ina kan zai duba?"

Malam ya ja layi da dagi yadda fuskar za ta kalli gabas. Jinjiri ya tofa yawu a tafinsa ya fara. Ɗaya na sara, ɗaya na kwashewa, har inuwa ta karkata. Malam ya shiga bukka ya wanke ƙanensa da ruwan tulu, ya suturta shi. Da ya fito ya tsaya gaban Sauda, bai iya kallonta ba.

"Kina wurin?"

"Ina wurin, Malam."

"Ya ce wani abu? A ƙarshe, ina nufin. Ko da a hankali ne."

Ta gane abin da yake so ya ji.

"Ya nemi ruwa. Sannan ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya. Har babban ya kira da sunansa, sunan da kunya ba ta taɓa barinsa ya faɗa ba. Ya ce da shi ya riƙe hannun ƙannensa. Shi ke nan abin da na ji."

Malam ya rufe fuska da hannun rigarsa. Da ya sauke, ya je ya tsaya a kan gawar, ya fuskanci gabas, ya daɗe. Sauda ba ta ji kabbara ba, amma ta ga leɓunansa na motsi. Su biyu suka sa shi a ramin, suka jera itace, suka mayar da ƙasa. Jinjiri ya zaro ɗan gero daga aljihu, ya dubi kabarin, ya dubi Malam, ya watsa shi can gefe inda tsuntsaye za su gani.

"Malam," in ji Sauda, "yanzu ina yake?"

"Na karanta abin da aka rubuta a kan waɗanda suka bar hanya." Ya share gumi. "Amma wannan ni na goya shi, ban kuma san abin da ke cikin ƙirjinsa ba. Wanda ya yi shi ya fi ni saninsa."

Furar da ta kawo da safe tana nan a bakin bukka, a rufe da faifai. Ta miƙa wa Malam. Ya sha, ya ɗan yi jim, ya miƙa wa Jinjiri. Tsohon ya shanye sauran, ya kife ƙwaryar. Suka yi sallama, Malam ya bi hanyar gari, Jinjiri ya bi ta dutse.

Sauda ta duba kabarin ta ga sun manta ba su sa ƙaya ba, ga shi kuraye na yawo a faƙon nan. Ta ɗauki gatarin Barau ta nufi wata magarya. Ta riƙa sara tana ja, ƙaya na yagar mata hannu, tana jerawa tun daga kai har ƙafa. Ba ta bar wurin ba sai da ta rufe shi ruf.